Ma'anar Muhalli: Darasi Daga Fadamar Haɗeja Da Nguru

Ana yawan jin kalmar muhalli a rediyo da kuma bakin malaman gona. Muhalli shi ne duk abin da ke kewaye da mutum, wato ƙasa, ruwa, iska, rana, itatuwa, dabbobi, har da ƙwari. Akwai ilimin da ke binciken yadda waɗannan abubuwa suka dogara da juna. Fadamar Haɗeja da Nguru, a jihohin Jigawa da Yobe, ta isa misali wajen gane kalmomin wannan ilimi.

Mazauni

Mazauni shi ne wurin da wata halitta take samun abinci da mafaka, kuma take hayayyafa. Kogin Haɗeja da na Jama'are sukan cika su yi ambaliya a watan Agusta da Satumba. Kifi yakan bi ruwan zuwa cikin ciyayi ya yi ƙwai. Manoma su shuka shinkafa. Idan ruwa ya janye, makiyaya su kawo shanu. Tsuntsaye ma sukan taso tun daga Turai su yi hunturu a Dagona. Fadama ɗaya ce, amma mazaunin halittu masu yawa ce.

Sarƙar Abinci

Tsiro yana haɗa abincinsa da hasken rana da ruwa da iska. Ƙwari da ƙananan kifaye su ci tsiro. Babban kifi ya ci ƙanana. Mutum ko tsuntsu ya ci babban kifin. Abin da ya mutu ya ruɓe, ya koma taki, wani tsiron ya sha. Wannan shi ake kira sarƙar abinci. Idan zobe ɗaya ya tsinke, sauran ma sai sun ji a jikinsu.

Daidaito

Daidaito shi ne zaman da babu halittar da ta rinjayi sauran har ta kore su. A wannan fadama, zuwan ruwa da damina da bushewar ƙasa da rani su ne suka riƙe daidaito.

A shekarar 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma aka gama ta Challawa, duka a jihar Kano. Sun yi amfani wajen ba birnin Kano ruwan sha da kuma noman rani. To amma sun rage ambaliyar damina, sannan ruwan da ake saki da rani ya hana wasu magudanu bushewa. Daga nan daidaito ya fara lalacewa.

Tsiro Mai Mamaya

Ciyawar kacala tana son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Da ta sami haka, sai ta mamaye magudanu ta toshe su. Ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a gonakin wasu, wasu kuma ya daina isa gare su. Masunta suka rasa wurin jefa koma. Tsuntsayen jan-baki, masu cinye shinkafa da gero, suka sami wurin kwana. Sauro da dodon-koɗi mai yaɗa tsargiya su ma suka sami mazauni. Ga shi aiki a Kano aka yi, amma sai da ya taɓa tukunyar masunci a Nguru.

Abin Lura

Kowane ƙauye yana da irin wannan sarƙa, ko da ba shi da fadama. Wanda ya sare gawo ya rage wa gonarsa taki, ya rage wa awakinsa abinci. Wanda ya zuba guba a ruwa don kamun kifi ya kashe har da kifin baɗi. Saboda haka kafin a tare rafi, ko a ƙone daji, ko a sare itace, ya kamata jama'a su zauna da mai gari da malamin gona, su tambayi kansu: wa ke ci daga nan, kuma wa ke ƙasa da mu a bakin wannan ruwa? Rigakafi dai ya fi magani.