Shekara Nawa Tabon Bashi Yake Yi a Kundin Mutum?

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A garuruwanmu, idan mutum ya ci bashi ya ƙi biya, labarinsa yakan tsaya a bakin mai kanti da maƙwabta, kuma da tafiya ta yi tafiya sai a manta. Amma a tsarin bankunan zamani akwai kamfanoni na musamman waɗanda aikinsu shi ne su rubuta wanda ya biya da wanda ya gaza, su ajiye, su kuma nuna wa duk mai ba da rance da ya tambaya. A wannan ɗan rubutu zan yi bayanin tsawon lokacin da irin wannan tabo yake ɗauka kafin ya goge. Zan fi mayar da hankali a kan Ingila, saboda a can ne abin ya faru da wani na jikina, sannan in waiwayi Amurka da Nijeriya.

Abin da ya jawo rubutun

Yayana ya yi karatu a Ingila, ya kuma zauna can yana aiki. A ƙarshen shekarar 2018 ya sake gida, ya manta bai rufe wata yarjejeniyar wayar salula da yake biya wata-wata ba. Takardun neman biya suka yi ta zuwa tsohon gidan, shi kuwa bai sani ba. A watan Maris na 2019 kamfanin ya rubuta a kundinsa cewa ya gaza biya. Kuɗin bai kai fam 200 ba. Sai a 2022, da ya je neman rancen sayen gida aka hana shi, sannan ya gano abin da ke faruwa. Nan take ya biya. Da muka yi waya na ce, "To Yaya, tunda ka biya ai magana ta ƙare." Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ba haka abin yake ba a nan. Sai na jira 2025." Wannan amsa ce ta sa na shiga bincike.

Batun kalmomi

Tunda mu ɗaliban harshe ne, ya kamata mu daidaita kalmomi tukuna. Takardar da ake tara tarihin rancen mutum a cikinta zan kira ta "kundin bashi". Alamar da ake sawa idan mutum ya daina biya har mai bashi ya ɗauka yarjejeniya ta rushe, zan kira ta "tambarin gaza biya". Da gangan na kauce wa "taurin bashi", domin a Hausa wannan magana tana nuni ne ga hali, wato mutum yana da shi amma ya ƙi bayarwa. Shi kuwa kundi ba ruwansa da niyya. Wanda ya ƙi, da wanda ya rasa aiki, da wanda ya manta irin Yayana, tambari ɗaya ake buga musu. Duk mai fassara takardun banki ya kamata ya lura da wannan bambanci.

Yadda abin yake a Ingila

Manyan kamfanonin da ke riƙe da kundin bashi a Birtaniya uku ne: Experian da Equifax da TransUnion. Galibi mai ba da rance yakan buga tambarin ne bayan mutum ya yi wata uku zuwa shida bai biya ba. Daga ranar da aka buga shi, tambarin zai zauna shekara shida cif, sannan ya fita da kansa. Akwai abubuwa uku da mutane suka fi ruɗewa a kansu.

Na farko, biyan bashin ba ya goge tambarin. Abin da zai canza kawai shi ne a rubuta a gefensa cewa an biya. Wannan yana da amfani, domin mai ba da rance ya fi sakin jiki da wanda ya biya daga baya a kan wanda bai biya ba sam. Amma ranar fita tana nan yadda take. Shi ya sa na Yayana, da aka buga a Maris na 2019, bai fita ba sai Maris na 2025, duk da ya biya tun 2022.

Na biyu, idan kamfani ya sayar da bashin ga masu karɓo bashi, lissafin ba ya komawa farko. Sabon mai bashin dole ya yi amfani da ranar asali. Idan mutum ya ga an sa sabuwar rana, kuskure ne, kuma yana da ikon neman a gyara.

Na uku, idan magana ta kai kotu aka yanke hukunci a kan mai cin bashi, hukuncin ma yakan shiga kundi ya yi nasa shekara shida, daga ranar da aka yanke shi. Sai dai idan mutum ya biya duka cikin wata ɗaya, to ana cire shi. Ke nan wanda aka kai kotu bayan shekara huɗu da buga masa tambari zai iya shafe shekara goma kundinsa bai wanku ba.

Fita daga kundi ba yafiya ba ce

Nan ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Fitar tambari daga kundi daban, mutuwar bashi daban. A Ingila da Wales akwai dokar ƙayyade wa'adin ƙara ta 1980, wadda ta ce a yawancin basussuka irin na katin banki, idan shekara shida ta wuce mutum bai biya ko kwabo ba, bai kuma amsa bashin a rubuce ba, ba a kuma kai shi kotu ba, to mai bashi ya rasa damar amfani da kotu. Amma bashin yana nan, ana iya ci gaba da neman a biya. Da yake wa'adin biyu duk shekara shida ne, mutane sukan ɗauka abu ɗaya ne. Ba haka ba ne: biyan wani ɓangare na bashi kafin wa'adin ƙara ya cika yakan mayar da lissafinsa farko, amma ba ya taɓa ranar fitar tambari. A Sukotland kuwa wa'adin shekara biyar ne, kuma a can bashin kansa ne yake faɗuwa a idon doka.

Amurka

A Amurka dokar da ta tsara wannan harka ta 1970 ce. Ta ce yawancin munanan bayanai ba za su wuce shekara bakwai a kundi ba, kuma lissafin yana tasowa ne daga lokacin da mutum ya fara saɓa biya. Wanda kotu ta ayyana ya karye kuwa, labarinsa zai iya kai shekara goma.

Mu dawo gida

Wani zai ce wannan ai matsalar Turawa ce. A da can haka ne, amma yanzu abin ya iso mu. Babban Bankin Nijeriya ya ba kamfanoni uku lasisin wannan aiki: CRC Credit Bureau da CreditRegistry da FirstCentral. A 2014 aka ƙaddamar da lambar BVN, wadda ta haɗa dukkan asusun mutum da sunansa guda. A 2017 aka sa hannu a kan dokar bayar da rahoton bashi, wadda ta ce kamfanin zai riƙe bayani aƙalla shekara shida, sannan ya adana shi a taska na ƙarin shekara goma. A lura da kalmar "aƙalla". A Ingila shida ita ce iyaka, a nan kuwa mafi ƙaranci ce. Haka kuma tun 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar cire kuɗinsa daga asusun mai bashi da ke wasu bankuna, bisa izinin da ya sa wa hannu ranar karɓar rancen.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Da yawanmu muna karɓar ƙananan rance ta manhajar waya, wasu kuma sun shiga rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, wanda ake soma biyansa shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Naira dubu ashirin da aka raina a aji biyu za ta iya tare wa mutum hanya ranar da yake neman jarin sana'a.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai guda uku ce. Ka nemi kundinka ka duba, domin dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoto ɗaya kyauta a shekara. Idan ka ga kuskure, ka rubuta ƙorafi ga kamfanin da kuma wanda ya ba da bayanin, ka ajiye rasidin duk abin da ka biya. Idan kuma ka ga biya zai gagara, ka je ka sami mai bashin tun kafin a buga tambari, domin sulhu a lokacin ya fi sauƙi. Yayana ya sami rancen gidansa a ƙarshen 2025, bayan jinkirin shekara uku a kan kuɗin wayar da bai kai fam 200 ba. Allah ya raba mu da nauyin bashi, amin.