Sirrin Bauri: Me Ya Sa Ake Haɗa Jar Giya Da Nama Mai Kitse?

Yau batun bauri za mu yi. Kun san yadda baki ke bushewa, harshe ya yi kaushi, idan mutum ya ciji ɗanyar kanya ko yazawa, ko ya kurɓi shayin da ya daɗe a wuta? To wannan nake nufi. Misalin da zan kawo daga jar giyar inabi ne, don a kanta aka fi nazarin abin. Tun yanzu in faɗa, ba tallar giya nake ba. Musulunci ya haramta ta, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da ba ya cutarwa. Ilimin da ke ciki muke so.

Abin da ke kawo bauri sinadari ne da ake kira tanin. A jikin inabi yana cikin ɓawo da ƙwallo da kara. Jar giya ana tsima ta ne tare da ɓawon, shi ya sa take da launi da bauri, ita kuwa fara ana cire ɓawon tun farko. Wani tanin ɗin kuma daga gangunan katako da ake ajiye ta yake fitowa.

Cikin inabin da suka fi bauri akwai Tannat, ɗan asalin yankin Madiran a kudu maso yammacin Faransa. Giyarsa ja ce wur har tana neman baƙi, masu ɗanɗano kuma suna cewa tana da nauyi a baki, tana kama dasashi. A wajajen 1870 wani baƙo mai suna Pascual Harriague ya shuka shi a Yurugwai da ke Kudancin Amurka, yau kuma shi ne inabin da ƙasar ke alfahari da shi. Me ya sa ya karɓu a can? Ku duba abincinsu. Shanun Yurugwai sun ninka mutanenta fiye da sau 3, kuma gasasshen naman sa, wanda suke kira asado, shi ne abin taruwarsu. A Madiran ma da naman agwagwa mai maiƙo ake haɗa ta.

Ga dalilin. Bauri ba ɗanɗano ba ne kamar zaƙi ko tsami, ji ne na taɓawa. Yawun bakinmu yana da furotin da ke sa baki santsi. Tanin na shiga sai ya kama furotin ɗin ya dunƙule shi, santsin ya tafi, sai ka ji baki ya bushe. Amma idan akwai nama a bakin, tanin ya samu wani furotin da zai kama, kitse kuma ya shafe harshe. Sai baurin ya sauka, shi ma maiƙon ya daina ginsa. Kowa ya rage wa ɗan'uwansa kaifi ke nan. Yaji mai zafi kuwa akasin haka yake yi, ƙara wa baurin ƙarfi yake.

Yanzu mu dawo gida, don tanin ba baƙonmu ba ne. Bagaruwar da majema ke jeme fata da ita cike take da shi, kuma aiki ɗaya yake yi: ya kama furotin ɗin fata ya hana ta ruɓewa. Haka idan mai shayi ya zuba maka madara, furotin ɗin madarar ne ke riƙe tanin, shi ya sa baurin ke kwantawa. Baƙin shayi bayan tsire ko balangu ma hikimar ke nan, yana wanke maiƙo.

Sai dai ga inda za a kula. Tanin yana kama sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye kamar zogale da alayyafo, ya rage wanda jiki zai ɗauka. Don haka mai fama da ƙarancin jini, musamman mata masu ciki, gara a bar tazarar kamar awa 1 tsakanin abinci da shayi mai kauri.

A nan zan dakata. Ku gwada da kanku: kurɓi baƙin shayi zalla, sannan ku ci yankan nama ku sake kurɓa.