Riƙon Yara Bayan Saki Idan Nisa Ya Raba Iyaye

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na arewacin Najeriya ke bi, hadana, wato haƙƙin riƙon yaro da renonsa, tana hannun uwa bayan mutuwar aure har namiji ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakinta, yayin da ciyarwa ke kan uba. Nisa yana iya sauya wannan tsari, domin littafin Muhtasar na Shehu Halil ya kafa iyakar baridi shida, kimanin mil 72, ta yadda uwar da ta ƙaura nesa haka da niyyar zama za ta iya rasa riƙo, uban da ya ƙaura kuma yana iya tafiya da yaron muddin hanya da garin suna da aminci. Tafiyar fatauci ko ziyara ba ta cikin wannan hukunci.

An auna wannan nisa a zamanin raƙumi, alhali yau motar haya kan kai mutum Zariya daga Kano cikin 'yan sa'o'i. Saboda haka ya dace alƙali ya duba karatun yaro da shaƙuwarsa kafin ya raba shi da mai riƙonsa, ya kuma rubuta lokutan hutu da kuɗin mota a cikin hukuncinsa.