Mayar da Mota Otomatik Zuwa Giyar Hannu: Kada a Matse Kuɗin Aiki

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta zube a watan da ya biyo baya, duk mai mota a Zamfara ya koma lissafi. Masu jigila tsakanin Gusau da Tsafe da Bilbis har zuwa Funtuwa, da masu bin hanyar Bunguɗu zuwa Sakkwato, galibinsu motocin Beljiyam suke ja, waɗanda suka fito daga Amurka kuwa yawancinsu otomatik ne. Ran da giya ta fara santsi, a taka totur inji ya yi ta kuka mota ba ta ja, shawarar da ake fara ba mai ita ita ce a mayar masa da ita manuwal ya huta. Ba a nan matsalar take ba. Matsalar ita ce mutum ya biya kuɗin giyabos ba gardama, sai an zo kuɗin aiki ya tsaya ciniki kamar mai sayen tumatir, alhali aikin hannun ne zai nuna ko motar za ta yi ƙarko.

Dubi abin da ake yi a gareji. Bakanike zai sauke giyabos ɗin otomatik, ya kwance farantin da ke bayan inji, ya ɗaura filawil da kuloci, sannan ya ɗora sabuwar giya. Sau da yawa sai an canja shaf ɗin da ke juya tayoyi da kujerun da giyar ke zama a kai, don tsawonsu ba ɗaya ba ne. Sai a koma cikin mota, inda ƙafa biyu kawai kamfani ya sa, birki da totur. Kafin a sami wurin ta uku, wato ta kuloci, sai an kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, an huda ƙarfen da ya raba inji da ɗakin direba, an rage faɗin ƙafar birki ko an canja ta. Idan hudar ta karkace ko da kaɗan, kuloci zai riƙa cijewa har ran da aka sake aikin. Bayan nan mai wayarin ya karɓa, domin motar otomatik ba ta tashi sai giya na kan P ko N, kuma ƙwaƙwalwarta za ta ci gaba da neman giyar da aka cire. In ba a canja ta ko an daidaita ta ba, fitilar gargaɗi ba za ta mutu ba, agogon gudu na iya tsayawa, fitilar ribas ma ta ƙi kamawa. Ke nan aikin mutum uku ne, bakanike da mai walda da mai wayarin, ko da baki ɗaya ya faɗi farashi.

Wani zai ce ai ribar mai za ta mayar da kuɗin. A tsofaffin motoci masu giya huɗu akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ragin bai kai yadda ake zuzuta shi a tasha ba, a sababbin motoci kuwa kusan babu shi. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta gyara: farantin kuloci ya fi giyabos ɗin otomatik araha nesa ba kusa ba, kanikawan da suka iya shi sun fi yawa, kuma in batir ya mutu a kan hanyar Tsafe da yamma, inda ba mai son ya daɗe a tsaye, mutum uku sun isa su tura mota ta tashi. Amma wannan hujjar ma gefen biyan kuɗin aiki take, don motar da aka yi wa aikin sha-yanzu-magani-yanzu ita ce za ta fara ajiye mutum a daji. Ga kuma dillalai, da sun ji an taɓa giyar mota sai su karya mata farashi.

Don haka motar da kamfani bai taɓa fitar da irinta mai giyar hannu ba, a bar ta yadda take, ko a sayar a sayi manuwal. Wadda ke da 'yar'uwa manuwal kuwa, a nemo kayan duka daga jikin mota ɗaya, ko da sai an je Ƙofar Ruwa a Kano. Kafin a kwance ƙusa ko ɗaya, mai mota ya sa a rubuta masa kuɗin kaya daban, kuɗin kowane mai aiki daban, ya kuma riƙe cikon kuɗin sai an gwada motar da lodi daga Gusau zuwa Tsafe an dawo.