Me Ya Sa Zamfarawa Suka Juya wa Jama'ar Shehu Baya a 1805?

Bayan kashin da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka sha a hannun Gobirawa a Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, yunwa ce ta koro su daga Gobir zuwa Zamfara. Suka yada zango a Sabon Gari, inda sarakunan Mafara da Burmi suka karɓe su hannu bibbiyu, domin Zamfarawa ba su manta yadda Gobirawa suka ci ƙasarsu ba.

Daga wannan sansani Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805.

To, me ya ɓata zaman? Abinci. Taro mai yawa ya sauka cikin rani, ga iyali, ga dabbobi, babu gonar kansu. Wasu mayaƙa suka riƙa kutsawa ƙauyuka suna kwasar hatsi, kuma manomin da aka fasa wa rumbu ba ya tambayar manufar mai fasawa. Aka fara arangama da masu masauki, garuruwa suka yi tawaye.

A wannan shekara ta 1805 jama'ar Shehu suka koma Gwandu. Alkalawa kuwa, babban birnin Gobir, ba ta faɗi ba sai 1808.