Yankan Fallen Ƙarfe Kafin Ya Shiga Injin Leza

Duk wanda ya saba shiga ofisoshi da makarantu da asibitocin Kaduna ba zai rasa ganin ƙananan allunan ƙarfe masu ɗauke da sunan ma'aikaci ko lambar ɗaki ba, haka kuma lambobin yabo da ake miƙa wa manya a wurin taro, waɗanda rubutunsu ba fenti ba ne, ba kuwa saran kurfi ba ne, illa dai aikin wani inji da ake kira leza, wanda ke rubutu da tsinin haske. Galibin mutane injin suke yabo idan allo ya yi kyau, shi kuma suke zargi idan ya ɓaci, alhali kuwa ma'abota wannan sana'a sun san cewa tun a wurin yankan fallen ake yanke hukuncin kyan aiki ko muninsa.

Asalin wannan hikima ba mai nisa ba ne, domin a shekarar 1960 ne wani masani a Amurka mai suna Theodore Maiman ya fara fitar da hasken leza, sa'an nan a 1964 Kumar Patel, mutumin Indiya, ya ƙago irin wanda ke aiki da iskar kabon. Sirrin abin shi ne tara haske mai yawa a ɗigo guda, kamar yadda yaro kan tara hasken rana da gilashi har ya ƙona takarda. In ya ɗaga hannunsa kaɗan ko ya sauke, sai ɗigon ya baje, zafin ya gushe. To, haka al'amarin yake a cikin injin, sai dai tazarar da yake yafewa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ta yadda doron da bai wuce milimita 1 ko 2 ba ya isa ya sa rabin suna ya fito raɗau, rabin kuma ya dusashe. Injin iri biyu ne suka fi yaɗuwa: mai iskar kabon, wanda haskensa kan zame a kan tsuran ƙarfe, saboda haka ya fi dacewa da alminiyam mai launi ko fallen da aka shafe da fenti, inda yake kankare launin kawai, da kuma na faiba, wanda ke cin jikin silba da tagulla da alminiyam kai tsaye.

Daga wannan bayani za a fahimci sharuɗɗa uku da suka wajaba a kan mai yanka. Na farko, falle ya kwanta sumul ba tare da doro ko murɗiya ba. Na biyu, awo ya cika daidai, kusurwoyi huɗu su tsaya a miƙe, domin mai injin yakan kafa madogara ya riƙa jera alluna ɗaya bayan ɗaya a gurbi guda, kuma idan ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa sai rubutu ya karkace. Na uku, bakin yanka ya fita lafiya, babu ɗan kaifin nan da kan tashi ya ɗage fallen daga teburi ko ya yanki yatsa. Dalilin da ya sa yankan ya zama tilas kuwa shi ne, falle yakan zo kasuwa da faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 8, amma filin da injin faiba na teburi ke iya rubutu a kai sau da yawa bai wuce santimita 11 zuwa 30 a kowane gefe ba.

Almakashin ƙarfe, wanda shi ne abokin aikin masu ƙera bokiti da akwati da murhu, yana da arha da saurin aiki, amma ɗabi'arsa ce ya naɗe gefen da ya yanka, kuma duk ƙoƙarin miƙar da shi da guduma sai ya bar tabo. Giranda kuwa ta fi shi ɓarna a kan falle marar kauri, domin zafinta yakan sauya launin silba ya koma shuɗi-shuɗi, ya ƙona fenti, tartsatsinta kuma ya ɓata fuskar da za a yi wa rubutu. Abin da ya fi dacewa shi ne injin datsa mai doguwar wuƙa, na hannu ko na ƙafa, wanda ke danne falle ya tsinke shi a tashi ɗaya, bisa sharaɗin wuƙar ta kasance da kaifi, tazarar da ke tsakanin wuƙar sama da ta ƙasa kuma ta kasance kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kaurin fallen. Idan ta yi yawa baki ya tashi, idan ta yi kaɗan wuƙa ta dakushe da wuri. Wanda bai mallaki wannan inji ba, in alminiyam ne mai kaurin rabin milimita ko ƙasa da haka, yana iya ɗora rula ta ƙarfe, ya ja kaifin wuƙa a layi guda sau da dama, sa'an nan ya lanƙwasa shi a bakin teburi sannu a hankali har ya rabu. Bayan yanka sai a bi baki da magagari mai laushi, a goge maiƙo da sawun yatsa.

Akwai kuma haƙƙin lafiyar jiki, wanda bai halatta a yi sakaci da shi ba. Ledar da ke manne a fuskar falle a bar ta yayin yanka domin ta tsare shi daga ƙarzuwa, amma lalle a ɓare ta kafin a kunna inji, saboda wata irinta idan ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai guba, mai cin huhu da ƙarfen injin baki ɗaya. Kwanon rufi da sauran fallayen da aka lulluɓe da tutiya su ma hayaƙinsu na kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Hasken faiba kuwa ido ba ya ganinsa, amma yana iya makantarwa, don haka tabarau na musamman wajibi ne.

Malaman fiƙihu sun lissafa sana'o'in da jama'a ba ta wadatuwa ga barinsu a cikin farillan kifaya, kuma Kaduna ba ta rasa masu ɗauke mata wannan farilla ba, tun da ga kasuwar Panteka, matattarar maƙera da masu walda, a maƙwabtaka da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda aka aza harsashinta a 1956. A zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje kwalejin ta ƙulla zumunci da masu sana'ar kasuwar domin a ba su horo da takardar shaida, kuma Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977, a cikin garin nan aka ajiye hedkwatarta. Saboda haka muna kira ga waɗannan hukumomi da shugabannin kasuwa da su sanya yankan falle bisa awon milimita cikin abin da ake koya wa almajiran sana'a, su kuma taimaka a samar da injin datsa na haɗin gwiwa, domin masu injin leza su riƙa samun yankakkun alluna a gida maimakon jiran waɗanda ake kawowa daga ƙasar Sin. Allah Ya sa albarka a sana'ar hannu.