Idan Fiyus Ya Ƙone, A Nemi Dalili Kafin A Ɗaura Waya

Duk wanda ya saba zama a garejin masu gyaran wayarin, ko a Panteka ta Kaduna ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ya san abin da akan tarar in an buɗe akwatin fiyus na tsohuwar motar haya. Sau da yawa za ka ga fiyus ɗaya ko biyu an naɗe su da silin waya, wani ma da farar takardar nan mai walƙiya ta cikin kwalin sigari. In ka tambayi direba sai ya ce ai fiyus ɗin ne ya cika ƙonewa, shi ya sa aka yi masa maganin dindindin. Mota ta tashi, fitila ta kama, kowa ya kama gabansa. Abin da direban bai sani ba shi ne, ya kori maigadi ne saboda ya cika ihu, alhali kuwa ɓarawon yana nan cikin gida.

Bari mu fara da yadda wuta ke tafiya cikin mota, domin wanda bai gane wannan ba lalube kawai zai yi ta yi. Wuta tana fita daga kan batir mai alamar tarawa (+), ta bi jan waya, ta ratsa fiyus da makunni, ta isa ga abin da za ta yi wa aiki, ko fitila ko oda ko fanka. Daga nan sai ta koma batir ta cikin ƙarfen bodin mota, ta shiga ta kan mai alamar ɗebewa (−). Wannan hanyar komawa ita masu wayarin ke kira at. Ƙarfin da ke tura wutar ana auna shi da bolt, yawan wutar da ke gudana kuma da amfiya. Kowace waya tana da iyakar amfiyar da za ta iya ɗauka, in aka wuce sai ta yi zafi, robarta ta narke. Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi musamman don ya narke tun kafin wayar ta kai ga haka.

Saboda haka lambar da ke jikin fiyus ba ado ba ce. A ƙananan fiyus na roba masu ƙafa biyu, waɗanda ke cikin yawancin motocin yau, launi ma yana faɗin lambar: ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Sai dai a kula, tsofaffin Volkswagen da Mercedes masu dogon fiyus mai tsini biyu launinsu dabam yake, a can ja amfiya 16 ne, fari kuma 8. Wanda ya cire na 10 ya sa na 30 bai bambanta sosai da mai ɗaura waya ba, domin wayar da ke bayan fiyus ɗin ba ta ƙara kauri ba.

Abu biyu ne ke ƙona fiyus. Na farko shi ne lodi ya yi yawa. Ɗauki misalin fitilar gaba: ƙwai mai wat 55 yana jan kusan amfiya 4.6, biyu ke nan wajen amfiya 9. Direban da ke tafiyar dare ya ga haske bai ishe shi ba, sai ya sayo masu wat 100 ya sa. Yanzu su biyun suna jan kusan amfiya 17, a kan wayar da makunnin da aka yi domin rabin haka. In ana son ƙarin fitila, ko babbar rediyo mai amon ganga, sai a jawo musu sabuwar waya mai kauri daga batir, da nasu rile, da nasu fiyus a kusa da batirin. Na biyu kuwa, wanda ya fi haɗari, shi ne waya ta goge ta taɓa bodi. Nan wuta ta sami gajeriyar hanya, ba abin da zai tare ta. Batirin da ke iya juya inji yana iya tura ɗaruruwan amfiya cikin wannan siririyar waya, cikin ɗan lokaci kaɗan ta yi ja kamar garwashi a ƙarƙashin dashbod ko kusa da tiyon fetur.

To, yaya ake gano inda wayar ta taɓa ba tare da an ƙone fiyus goma ba? Akwai wata tsohuwar dabara mai sauƙi da ya kamata kowane yaron gareji ya iya. A samo ƙwan fitilar birki mai wat 21, a haɗa masa waya biyu, a soka su a gurbin fiyus ɗin da ya ƙone, bayan an kashe duk abin da ke kan wannan layi. In akwai inda waya ta taɓa bodi, ƙwan zai kama da haske sosai, amma shi kansa zai tare wutar, ba za ta wuce amfiya 2 ba, don haka babu abin da zai ƙone. Sai a bi layin sannu a hankali, ana cire soket ɗaya bayan ɗaya, ana motsa damin wayoyi da hannu. Inda aka taɓa ƙwan ya mutu ko ya dushe, nan ɓarnar take. Wuraren da aka fi samunta sanannu ne: inda wayoyi ke ratsa ƙarfe tsakanin inji da cikin mota, maƙogwaron robar da ke tsakanin ƙofa da bodi, murfin but, kusa da salansa inda zafi ke cin roba, da duk inda wani ya taɓa yanka waya ya murɗa ya naɗe da leda. Kada a manta da ɓera, musamman a motar da ke ɗaukar hatsi ko ta daɗe a ajiye.

Idan kuwa mota ta ƙi tashi ne, a nan aka fi yi wa masu mota asara, domin wasu masu gyara da sun ji ƙarar "ƙas-ƙas" sai su ce a sayo sitata, in ba ta yi ba a sayo batir, in bai yi ba a sayo altaneta. Wannan caca ce da kuɗin wani. Ƙaramar mita ta auna wuta ba ta kai kuɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma cikin minti biyar za ta faɗi gaskiya. Batirin ƙaramar mota ɗaki shida gare shi, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1. In ya cika, kuma mota ta huta, mita za ta nuna wajen 12.6. In ta nuna 12.2, rabin caji ya tafi. Ƙasa da 12 kuwa batir ya yi sanyi ƙwarai. Sai a bar mitar a kai wani ya murɗa makulli: lafiyayyen batir ba ya sauka ƙasa da 9.6 lokacin da yake juya inji. Bayan inji ya tashi, a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai ba, a fara duba fanbel ko ya saki kafin a zargi altaneta. In ya haura 15, caji ya yi yawa, ana dafa batirin ne.

Amma sau da yawa batir lafiya lau, sitata ma lafiya lau, hanyar da ke tsakaninsu ce ta toshe. Farin garin nan ko kore da ke taruwa a kan batir, da kan da ya saki har ana cusa masa ƙusa, da wayar at da tsatsa ta ci inda aka ɗaure ta a bodi, duk suna barin 'yar wutar da za ta kunna rediyo ta wuce, amma su hana amfiya 150 ko fiye da sitata ke bukata. Gwajinsa shi ne a ɗora tsinken mita ɗaya a kan dalmar batir mai alamar ɗebewa, ɗayan a jikin ƙarfen inji, a murɗa makulli. Abin da ya kamata a gani bai wuce bolt 0.2 ko 0.3 ba. In aka ga 1 ko 2, to wutar a hanya take zubewa, maganinta kuwa sanfefa ce da sifana da ɗan basilin. Rashin at mai kyau shi ne kuma ke sa mota ta riƙa yin abu kamar mai iskoki: ka taka birki sigina ta kama, ka kunna sigina duk fitilun baya su riƙa ƙyaftawa tare. Wutar ce ta rasa hanyarta ta komawa, ta bi ta gidan maƙwabta.

Akwai wata al'ada da ya kamata a binne ta. Ita ce cire kan batir inji yana aiki, wai don a ga ko altaneta tana caji. A zamanin Peugeot 504, wadda aka haɗa da yawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, mota kafireto ce da kwayil, babu wani abu mai laushi a cikinta, shi ya sa akan yi haka a tsira. Motar yau kwamfuta ke sarrafa ta, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa. Batir shi ne ke shanye tashin wutar altaneta, da an cire shi wutar na iya yin tsalle nan take ta ninka bolt 12 sau da yawa. Mai gyaran da ya yi maka wannan gwaji yana iya ƙone maka ƙwaƙwalwar mota wajen binciken abin da mita za ta nuna a kyauta. Haka nan in za a yi walda a jikin mota, a cire batir tukuna, a kuma maƙala wayar at ta injin walda dab da inda ake aikin.

Ita wannan ƙwaƙwalwa tana da amfaninta. Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa ƙananan motocin da ake sayarwa a can wani soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, don haka yawancin 'yan Kwatano da ke kan titunanmu suna da shi. In aka soka na'urar bincike sai ta fito da lamba. P0300 na nufin inji yana tsallake wuta, P0171 na nufin iska ta rinjayi mai, P0562 kuma wutar mota ta yi ƙasa. Sai dai lambar unguwa take nunawa, ba ta nuna gida. In ta ambaci wani sansa, yana yiwuwa sansan ne, yana kuma yiwuwa wayarsa ce ta tsinke ko soket ɗinsa ya sha ruwa wajen wankin inji. Mai na'urar da ya karanta lamba ya aike ka kasuwa ba tare da ya auna wayar ba, bai gama aikinsa ba. Wanda ya goge lambar kawai don fitilar gargaɗi ta mutu kuwa, ɗan'uwan mai ɗaura waya a fiyus ne.

Yanzu sai lafiyar shi mai gyaran, da yaran da ke koyo a hannunsa, waɗanda su aka fi turawa ƙarƙashin bonet. Bolt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi, amma yana ƙonawa. In za a cire batir, a kashe inji, a fara da kan mai alamar ɗebewa, in za a mayar kuma shi ne na ƙarshe. Dalili shi ne, muddin yana haɗe, duk bodin mota waya ce, sifanar da ke kan jan kai in ta goga ƙarfe sai tartsatsi, har takan manne. Zobe da agogon ƙarfe ma haka, zobe yana iya yin zafin da zai ci yatsa har ƙashi, don haka a tuɓe su. Batir yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, wadda da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Masu gwada batir ta hanyar goga waya tsakanin kawunansa biyu, da masu leƙa ruwansa da ashana ko da sigari a baki, da fuskarsu suke wasa. Ruwan batir asid ne. In ya fantsama a ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, sannan a nufi asibiti, kada a tsaya sa wani magani. In ruwan ya ragu, wanda zafin bazara kan jawo a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, a ƙara tataccen ruwan batir kawai, ban da na rijiya ko na famfo.

Wajen jona batir da na wata mota, jan waya ta fara haɗa tarawa da tarawa. Baƙar kuma ta tashi daga ɗebewar batir mai kyau ta ƙare a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batirinta, domin tartsatsin ƙarshe ya faɗi inda babu iskar nan. A kwance su a juye. Kada a jona ƙaramar mota da layin babbar mota mai bolt 24.

Launi biyu kuma a ji tsoronsu. Soket da wayoyi masu ruwan ɗorawa a ƙarƙashin kujera ko cikin sitiyari na jakar iska ne, ba a soka musu fitilar gwaji, ba a kuma taɓa su sai an cire batir an jira wasu mintoci. Wayoyi masu kauri ruwan lemo kuwa na motoci ne masu haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius, wadda babban batirinta ya haura bolt 200. Wannan kam yana kisa, wanda bai sami horo a kai ba ya bar shi. Fankar lagireto ta lantarki ma tana iya tashi da kanta ko da an zare makulli, in inji da zafi.

In duk da haka aka ji warin roba ko aka ga hayaƙi ana cikin tafiya, a tsaya, a kashe inji, a fitar da fasinjoji su yi nisa. Kada a wangale bonet gaba ɗaya, iska ce wutar ke jira. A ɗan ɗaga shi a fesa abin kashe gobara mai gari ta kafar, irin wanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da aka kafa a 1988, take tambayar direbobi a hanya. In wutar ta kai ga fetur kuwa, a bar wa 'yan kwana-kwana. Shi ma abin kashe gobarar a riƙa duba allurarsa tana kan kore, a kuma ajiye shi inda hannun direba zai kai, maimakon ƙarƙashin buhuna a cikin but.